Sharhinmu: Kiɗan Da Ba Shi Da Makaɗi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon tsira, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Duk wanda ke halartar walimar saukar karatu a makarantunmu na Islamiyya, ko taron biki a gidajen 'yan'uwa, ya san abin da kan faru idan aka kunna lasifika kafin malamai su iso. Sai ka ji wani sauti yana tashi, mai nauyi daga ƙasa kamar ana dukan gangar noma, mai zaƙi daga sama kamar ana jan goge, ga amshi yana biye, yara ƙanana har sun fara rausaya kai. Idan wani dattijo ya murtuke fuska ya ce a kashe, nan take saurayin da ke riƙe da waya zai rusuna ya ce: "Baba, ai wannan ba kiɗa ba ne. Babu ganga, babu fiyano. Murya ce zalla, kwamfuta ce kawai ta gyara ta." Dattijo ya yi shiru, alhali bai gamsu ba, ya dai rasa ta inda zai kamo bakin zaren. Kunnensa ya shaida masa abu guda, yaro kuma ya kawo masa hujjar da bai taɓa cin karo da ita a littattafan da ya karanta a zaure ba.

Wannan shirun na dattijo shi ne dalilin sharhinmu na wannan wata. Kuma domin a fahimci mas'alar daga tushe, tilas ne mu ɗauki mai karatu mu kai shi inda aka ƙirƙiro kiɗan na'ura, domin jimlar nan ta "ai wannan ba kiɗa ba ne" ba a ƙasarmu aka haife ta ba. Ta kusa shekara ɗari tana yawo a Turai da Amurka. Sai dai su a can zagi ce ake jifan masu na'ura da ita, mu kuma a nan ta zama inuwar da ake fakewa a ƙarƙashinta.

A ƙarshen shekarun 1920, lokacin da finafinai masu magana suka shigo, gidajen sinima na Amurka suka sallami dubban makaɗan da ke zama a gaban majigi suna kiɗa yayin da fim ke tafiya. Ƙungiyar makaɗan ƙasar ta tashi haiƙan, ta cika jaridu da tallace-tallace a 1929 da 1930, tana zana mutum-mutumin ƙarfe riƙe da kayan kiɗa, tana kiran sautin da aka naɗa "kiɗan gwangwani". A 1956 wani mutum da matarsa, Louis da Bebe Barron, suka haɗa sautin fim ɗin Forbidden Planet gaba ɗayansa da wayoyin lantarki. Da aka zo rubuta sunaye, saboda gudun rigima da ƙungiyar makaɗa ba a kira aikinsu kiɗa ba, sai aka laƙaba masa wani suna mai nufin amon lantarki. A 1982 kuwa reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Ingila ya zartar da ƙuduri yana neman a hana amfani da na'urorin ƙera sauti da injinan ganga. Mai hankali zai lura cewa a duk waɗannan wurare uku ba ilimin sauti ake jayayya a kai ba. Bakin tuwo ake karewa. Wanda na'ura ta ƙwace wa sana'a shi ne farkon mai rantsuwa cewa abin da na'urar ke fitarwa ba kiɗa ba ne.

Wani abin lura kuma, wanda da yawa daga cikin 'yan bokonmu ba su sani ba, shi ne cewa ɗaya daga cikin ayyukan farko-farko na wannan fanni a ƙasar Musulmi aka yi shi. A 1944 wani ɗalibin aikin gona a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti mai amfani da zaren waya, ya je wurin da mata ke taron zar, wato abin da ya yi kama da borinmu na nan, ya naɗo muryoyinsu. Ya koma ɗakin rediyo ya yi ta tace su, yana rage wani sashe yana ƙara amsa-kuwwa, har muryoyin suka rikiɗe suka zama wani amo da ba ka iya gane kalma ɗaya a cikinsa. A riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo gare shi: tun ranar farko, murya ce aka shigar, amma abin da ya fito daga ɗaya ɓangaren ba murya ba ce. Bayan shekara huɗu, a 1948, Pierre Schaeffer ya yi irin wannan a gidan rediyon Faris da ƙarar jiragen ƙasa. A 1951 aka buɗe wani ɗakin gwaji a gidan rediyon birnin Kolon na Jamus, su kuma mutanensa suka ce naɗo sautin duniya ba shi ne aikin ba, sahihin kiɗan lantarki shi ne wanda na'ura ta haifa da kanta ba tare da an ɗauko komai daga waje ba. Ka ga ke nan tun jaririn yana cikin tsumma iyayensa suka rabu biyu a kan sunansa.

Abin da ya fitar da wannan sana'a daga ɗakunan gwaji zuwa kasuwa shi ne arha. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da injin ganga mai suna TR-808 a 1980, makaɗa suka raina shi domin bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, kamfanin ya daina yin sa bayan 'yan shekaru. A 1981 ya sake fitar da wani ɗan akwati, TB-303, don ya kwaikwayi jita mai kaurin murya, shi ma bai karɓu ba. Sai waɗannan kaya suka faɗa kasuwar gwanjo, samarin baƙaƙen fata na biranen Shikago da Ditiroyit, waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa goma, suka saye su da ɗan abin da ke aljihunsu. Daga nan ne sunayen da ake ta faɗa a kansu yau suka samo asali.

Bari mu ɗan tsaya a kan sunayen nan, domin akwai darasi a cikinsu. Nau'in da ake kira hawus, kamar yadda aka fi ruwaitowa, ya ɗauko sunansa ne daga wani gidan rawa na Shikago mai suna Warehouse, inda wani mai juya faifai, Frankie Knuckles, ya fara aiki a 1977. Nau'in garej ya ɗauko nasa daga wani gidan rawar na birnin Niyok, Paradise Garage. Tekno kuwa a Ditiroyit, birnin masana'antun mota, wasu abokai uku suka rene shi, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, sunan kuma ya kama shi sosai a 1988 lokacin da wani kamfanin Ingila ya tattara ayyukansu a faifai guda yana neman laƙabin da zai sayar da shi. Akwai wani reshe da ake kira asid, wanda ba shi da wata ma'ana face amon da ke fita idan aka murɗa maɓallan wancan akwati na TB-303 ta hanyar da mai ƙera shi bai taɓa nufa ba. Wasu samarin Shikago da ke kiran kansu Phuture suka fito da shi a 1987. Wato wani nau'in sunan gida ne, wani sunan inji ne, wani kuma ɗan kasuwa ne ya raɗa masa.

Da aka rasa kayan kiɗan da za a rarrabe nau'o'in da su, tunda duk daga akwati ɗaya suke fitowa, sai aka koma ga agogo. Ana ƙirga bugu nawa ke faɗuwa a minti ɗaya. Hawus yakan yi tafiya tsakanin 120 zuwa 130, ganga tana sauka daidai-wa-daida ba hutu. Dabstef, wanda ya ɓullo a kudancin Landan a farkon shekarun 2000, yana wajen 140. Jangul da ɗansa diram-an-bes suna gudu tsakanin 160 zuwa 180. Amafiyano na Afirka ta Kudu, wanda yanzu ya cika wayoyin 'ya'yanmu, yana jan ƙafa a ɗan sama da 110. Ka rage bugu goma, ka sauya wurin da ganga ɗaya ke faɗuwa, sai a ce ka ƙirƙiro sabon nau'i, a raɗa masa suna, masoyansa su yi gefe guda su fara raina na jiya. Wani ma'aikacin kamfanin Spotify, Glenn McDonald, ya yi shekaru yana zana taswirar nau'o'in kiɗan duniya, kafin a sallame shi a ƙarshen 2023 adadinsu ya haura 6,000. Har akwai wasu da tun shekarun 1990 aka laƙaba wa nasu "kiɗan rawa na masu basira", abin da ke nuna cewa sauran na wawaye ne ke nan. Girman kai ba ya rasa ƙofar shiga ko da a gidan rawa ne.

A gefe guda, kada mu wuce ba mu ambaci zaluncin da ke kwance a ƙarƙashin wasu daga cikin waɗannan nau'o'i ba. Babban ɓangare na jangul an gina shi ne a kan wani gutsuren kiɗan ganga da bai wuce daƙiƙa bakwai ba, wanda aka yanko daga faifan wata ƙungiya mai suna The Winstons na 1969. An yi amfani da gutsuren nan a dubban waƙoƙi, an tara dukiya da shi, amma makaɗin da ya buga shi da hannunsa, Gregory Coleman, ya mutu a 2006 ba shi da ko matsuguni, bai karɓi ko sisi a kai ba. Duniyar da ke gardama a kan ko na'ura makaɗiya ce ba ta damu da ta nemo makaɗin na gaskiya ta biya shi haƙƙinsa ba.

To, gardamar masoya da 'yan jarida ba ta cika kai wa ko'ina ba. Inda ake gane gaskiyar mutum shi ne gaban alƙali, kuma sau biyu wannan tambaya ta je gaban hukuma ta hanyar da ya kamata malamanmu su sani.

Na farko a Ingila. Daga 1988 samarin ƙasar suka rungumi kiɗan hawus da asid, suna taruwa a gonaki da kangwayen masana'antu suna kwana rawa, ƙwayar maye da ake kira ekstasi tana zagayawa a tsakaninsu. A watan Mayu na 1992 dubun-dubatarsu suka mamaye wani fili da ake kira Castlemorton na kusan mako guda. Majalisa ta fusata, a 1994 ta yi doka mai ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro. Amma masu rubuta dokar sun hango cewa wani lauya zai iya miƙewa ya ce abin da ake kunnawa ba kiɗa ba ne, tunda babu mai kaɗawa. Saboda haka suka rubuta a cikin sashe na 63 cewa kalmar kiɗa ta ƙunshi duk wani sauti da jerin bugu mai maimaituwa ya rinjaya a cikinsa. Ba su ambaci ganga ko jita ba, abin da kunne ke ji suka kama. Sai wasu makaɗa biyu da ake kira Autechre suka fitar da wani kiɗa a wannan shekarar wanda suka tsara shi yadda babu zagaye biyu masu bugu iri ɗaya, suka manna sanarwa a bangon faifan suna ba mai kunnawa shawara, cikin ba'a, ya ajiye lauya da masanin kiɗa kusa da shi ko da 'yan sanda za su zo. Wannan ita ce hila tsagwaronta, irin wadda malaman fiƙihu suka daɗe suna faɗakarwa a kanta: a kiyaye lafazin doka a yi fatali da manufarta. Su dai waɗannan ba su ɓoye cewa tsokana suke yi ba.

Na biyu a Jamus, kuma a nan takalmin ya koma ɗaya ƙafar. A ƙasar, tikitin shiga wasan kiɗa yana biyan harajin kashi 7 cikin ɗari, na gidan shaƙatawa kuwa kashi 19. Hukumar haraji ta ce daren tekno ba wasan kiɗa ba ne, mutum ne kawai yake kunna faifai ana shaye-shaye. Masu gidajen suka ce atafau kiɗa ne, mai juya faifai kuma makaɗi ne. A 2020 babbar kotun haraji ta tarayya ta ba su gaskiya, ta ce majuyin faifai da akwatin gauraya sauti suna iya zama kayan kiɗa matuƙar ana sarrafa su ne don gabatar da kiɗan. A 2024 kuma aka shigar da teknon birnin Balin cikin jerin al'adun gado na ƙasar. Ashe ke nan idan kiran abu kiɗa zai jawo 'yan sanda, sai a nemi hanyar zame wa sunan. Idan kuma zai rage haraji, sai a ɗauki lauya a tabbatar da shi. Sauti ɗaya ne bai canza ba, buƙatar mai magana ce ke juyawa.

Yanzu sai mu dawo gida. Kiɗan na'ura ba baƙo ba ne a yankinmu. Tun 1978 Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya naɗi kaset da fiyanon lantarki shi kaɗai, kuma gidajen rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna sanya amonsa tsakanin shirye-shirye. A shekarun 1990, da finafinan bidiyo suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya zama shi ne kalangu, shi ne sarewa, shi ne goge, yaro ɗaya a ɗaki ɗaya yana yin aikin ƙungiya guda. Daga baya kwamfuta ta karɓe ragamar, sannan Auto-Tune ya shigo, manhajar da ta fito a 1997 daga hannun wani injiniya, Andy Hildebrand, wanda ya taɓa aikin nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Ita ce ke miƙar da karkatacciyar murya, kuma ita ce ke ba waƙoƙin nanaye wannan ƙarar ta ƙarfe da kowa ya sani. Har masu bege da yawa sun jingine mandiri sun koma fiyano. Kuma mu ma a nan an samu masu faɗin waccan jimla da ma'anarta ta Turai: dattijon da ya tashi da kalangun Mamman Shata ko kotson Musa Ɗanƙwairo ko kuntigin Ɗan Maraya Jos zai gaya maka cewa na yaran yanzu ba kiɗa ba ne, hayaniya ce.

Harshenmu kansa yana da hannu a cikin ruɗanin. Bahaushe ba shi da kalma ɗaya tilo da ta game abin da Bature ke nufi da miyuzik. Muna da kiɗa, wanda ake kaɗawa. Muna da busa, irin ta algaita da kakaki. Muna da waƙa, wadda ke fita daga baki. Kowace kalma tana nuni ga aikin wata gaɓa ta jiki. To idan aka zo da sautin da ba a kaɗa ba, ba a busa ba, sai harshe ya yi tuntuɓe, yaro mai wayo kuma ya samu kafa. Amma fa kakanninmu sun bar mana wani ma'auni na biyu wanda ya fi wannan ƙarfi. Sun rarrabe kiɗa da wurin da ake yin sa da mutanen da ake yi wa: kiɗan fada, kiɗan noma, kiɗan mahauta, kiɗan dambe, kiɗan farauta, kiɗan bori, kiɗan ƙwarya na mata. Wannan shi ne ainihin abin da mutanen Shikago suka yi ba da saninsu ba lokacin da suka raɗa wa kiɗansu sunan gidan rawa. Suna yakan tona asirin taron da aka yi sautin dominsa.

Matsayinmu a kan kayan kiɗa sananne ne, ba yau muka fara bayyana shi ba. Muna tare da mafi yawan malaman mazhabobi huɗu a kan haramcin abin da ake kira ma'azif, bisa hadisin da Imamul Bukhari ya kawo game da mutanen da za su zo su halatta shi tare da zina da alharini da giya, ban da tambarin duffi da Sunna ta yi rangwame a kansa ranar Idi da lokacin biki. Ba ma ɓoye wa mai karatu cewa akwai saɓani. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya soki isnadin hadisin, Ibnus Salah da Ibn Hajar suka mayar masa da martani. Imamul Gazali ya faɗaɗa a babin sauraro amma ya hana kayan tsirkiya da na busa saboda su ne alamar majalisar mashaya. A wannan zamani Shaihu Yusuf Alƙardawi ya halatta da sharuɗɗa, Shaihu Albani kuma ya rubuta littafi guda a kan haramcin. Wanda ya bi Ibn Hazm a fili muna ganin ya yi kuskure, za mu kuma zauna da shi mu baje hujja. Amma aƙalla ya kira abu da sunansa. Ibn Hazm bai taɓa cewa molo ba molo ba ne.

Damuwarmu tana ga mutum na uku, wanda ya ce ya yarda da haramcin, yana ma zargin wasu a kai, sannan ya koma situdiyo ya ƙera ganga da leɓɓansa. Ga yadda ake yi, domin iyaye su sani. Mawaƙi zai tsaya gaban makirufo ya fitar da sauti ɗaya tak daga baki, kamar "bum" ko "tas". Mai na'ura zai yanke shi ya rage ɗan guntun da bai kai daƙiƙa ba, ya saukar da muryarsa ƙasa har ta kai inda maƙogwaron ɗan Adam ba ya kaiwa, ya ƙara masa nauyi, sannan ya shimfiɗa shi a kan maɓallan fiyano ko a kan layukan manhaja. Daga nan sai ya riƙa danna shi da yatsu, ko ya umarci kwamfuta ta maimaita shi sau ɗari da ashirin a minti. Haka za a yi wa wani dogon "uuu" har ya zama goge. A ƙarshe a rubuta a jikin waƙar: babu kiɗa. Wannan fa shi ne aikin da El-Dabh ya yi a Alƙahira shekara tamanin da suka wuce, kuma duniya ta rubuta sunansa a tarihin kiɗa ne, ba a tarihin wa'azi ba.

Muna tambayar 'yan'uwanmu masu wannan aiki, cikin ƙauna: fatar akuya halal ce ko haram? Ice fa? Ƙwarya da izgar doki fa? Dukkansu halal ne. Amma ranar da aka ɗaure fata a bakin ice aka ja tsirkiya, wa ya taɓa cewa kalangu akuya ce zalla? Muryar da aka yanka aka shanya a kan maɓallai ta koma matsayin fatar nan, wato kayan haɗi. Abin da aka haɗa kuwa abin kiɗa ne, mai danna shi kuma makaɗi ne, kamar yadda kotun Jamus ma ta gane. Bil hasali ita kwamfuta ba ta san asalin komai ba. A wurinta kowane sauti jerin lambobi ne, irin 44,100 da ake aunawa a kowace daƙiƙa a faifan CD, kuma lambobin da suka fito daga leɓe da waɗanda suka fito daga fata, idan suka yi daidai, iska ɗaya suke kaɗawa a kunne, tasiri ɗaya suke yi a zuciya, kafaɗa ɗaya suke motsawa. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida a babin ciniki cewa abin lura shi ne ma'ana da manufa, ba lafazi da siffar waje ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin masu shan giya suna kiran ta da wani suna. Suratul A'araf kuma ta ba mu ƙissar mutanen da aka hana kamun kifi ranar Asabar, malaman tafsiri suka bayyana irin dabarar da suka ƙulla don su ci kifin ba tare da sun ce sun karya doka ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi inda hujjar ɗaya ɓangaren take da ƙarfi. Asalin murya halal ne, nassi kuma kayan kiɗa ya ambata. Waƙa da baka gadonmu ce: Hassanu bin Sabit ya yi ta a gaban Manzo, Shehu Usmanu da Nana Asma'u sun karantar da jama'a da ita, Imfirajin Malam Aliyu Namangi ya ratsa ƙasar Hausa a bakin almajirai da makafi ba tare da ko tafi ba. Kuma ba duk abin da ya bi ta na'ura ne ya zama kiɗa ba, in ba haka ba da lasifikar masallaci da kaset ɗin tafsiri sun shiga ciki. Tace hayaniya daga murya, ko ƙara mata ƙarfi don na nesa ya ji, hidima ce ga magana. Akwai kuma wani yanki a tsakiya wanda mu kanmu ba za mu ce mun yanke shi da wuƙa ba, kamar muryoyi uku ko huɗu da aka jera suna amshi, ko ɗan gunjin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin baiti. Sai dai samuwar almuru ba ta hana a san rana daban dare daban. Gwajin da muke ganin ya fi kusa da gaskiya mai sauƙi ne: a cire kalmomin waƙar a kunna abin da ya saura ga mutumin da bai san yadda aka yi shi ba. Idan ya ce "wane ne ke kiɗa?", to an samu amsa. A kuma dubi taron: kalmomin ake saurare, ko kuwa bugun ake jira?

Kada kuma mu nuna wa wasu yatsa mu manta da namu ɗakin. Gajerun bidiyon wa'azi da matasanmu ke yaɗawa a WhatsApp da TikTok, nawa ne daga cikinsu ba a shimfiɗa musu wannan gunji mai sa kuka a ƙarƙashi ba? Malam yana karanto hadisi, a bayansa ana jan wani amo irin wanda masu fim ke sanyawa idan jarumi zai mutu. Mai haɗawa ya san abin da yake yi: yana tsoron maganar ita kaɗai ba za ta riƙe mai kallo ba, sai ya ɗauko dabarar sinima ya tallafe ta. Har karatun Alƙur'ani ana lafta masa amsa-kuwwa mai yawa, harafi yana hawa kan harafi, madda tana ninkuwa, tajwidin da aka sha wahalar koyo ya narke. Wannan a wurinmu ya fi waƙar biki haɗari, domin yana koya wa kunne cewa kalmar Allah tana buƙatar ado daga waje kafin ta ratsa zuciya.

Lamarin kuma bai tsaya nan ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Suno da Udio suna haɗa waƙa sukutum, da murya da amshi da bugu, daga jimla biyu da mutum ya rubuta, har manyan kamfanonin faifai suka maka su kotu a watan Yunin 2024. A watan Afrilun 2025 kamfanin Deezer ya bayyana cewa ana ɗora masa irin waɗannan waƙoƙi fiye da 20,000 a kowace rana. A nan babu fata, babu leɓe, babu ma maƙogwaro. Wanda ya gina fatawarsa a kan tambayar "da me aka yi shi?" zai wayi gari ba shi da abin tambaya, domin amsar ita ce: ba a yi shi da komai ba. Shin sai mu ce komai ya halatta ke nan, ko kuwa har muryar da ke yabon Manzo a ciki ta haramta tunda ba ta mutum ba ce? Ma'aunin kayan aiki ya karye a hannunmu ta kowane ɓangare, abin da ya rage shi ne abin da kunne ke ji, da abin da ake faɗa, da majalisar da aka yi shi dominta.

Saboda haka muna kira ga majalisun malamanmu da kada su yi fatawa a kan wannan mas'ala daga nesa. Hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa. A samu malamai biyu ko uku su shiga situdiyo su zauna awa guda, su ga da idonsu yadda ake yanka murya a mayar da ita ganga, su sa a kunna musu kowane layi shi kaɗai, sannan su fito su yi wa jama'a bayani dalla-dalla: wannan gyara ne, wannan kuma kiɗa ne, wannan na tsakiya ga abin da ya fi zama tsantseni a cikinsa. Shugabannin Islamiyyu su saurari duk abin da za a kunna a taronsu tun kafin ranar, kada a bar wa yaro mai waya. Masu situdiyo kuwa daga cikin 'yan'uwa, waɗanda muka san da yawansu neman halal suke yi, abu ɗaya muke roƙo a yanzu: su cire rubutun nan na "babu kiɗa" daga kan duk aikin da su kansu suka san sun danna maɓalli a cikinsa. Wanda kuma yake ganin mun fahimci sana'arsa a baibai, shafin wasiƙu a buɗe yake, ya rubuto mana yadda abin yake, za mu buga.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.